Agogon ƙirga lokaci na intanet: taimako ne wajen karatu da motsa jiki, ko ƙarin shagala?

'YarGwale: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ina ajin ƙarshe a jami'a, an ba ni mako shida in miƙa babi na biyu da na uku na furojet ɗina. Sai in zauna gaban kwamfuta tun bayan La'asar har a kira Magariba ban cika shafi ɗaya ba. Wata ƙawata ta nuna mini wani shafin intanet mai agogon da ke ƙirgawa da baya: ka saita minti 25, yana raguwa har ya kai sifili, ƙararrawa ta buga, ka huta minti 5, ka sake. Kwana uku na farko na ga canji sosai, na rubuta shafi tara. A rana ta huɗu na buɗe burauza don in saita agogon, idona ya faɗa kan wani saƙo, daga nan ban farga ba sai da minti arba'in suka tafi. Jiya ma haka. Ga shi likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda bayana da ke ciwo, na ga shafin yana da saitin motsa jiki mai sakan 20 da sakan 10, ban san ko ya dace da ni ba. Don Allah waɗanda suka daɗe suna amfani da irin wannan agogo ku faɗa mini gaskiya, yana ɗorewa, ko zumuɗin sabon abu ne kawai?

MalaminLissafi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsarin da ƙawarki ta nuna miki sunansa Pomodoro. Wani ɗan Italiya mai suna Francesco Cirillo ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, lokacin shi ma yana ɗalibin jami'a karatu ya ƙi shiga masa. Kalmar pomodoro tumatir take nufi da Italiyanci, saboda agogon da ya yi amfani da shi na kicin ne mai siffar tumatir, irin wanda ake murɗawa da hannu a san lokacin sauke girki. Tsarin shi ne aiki minti 25, hutu minti 5, idan aka yi zagaye huɗu sai a yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30.

Abin da nake so ki lura da shi: agogon Cirillo ba ya karɓar saƙo. Ba WhatsApp a cikinsa, ba TikTok. Ke kuma naki agogon yana zaune ɗaki ɗaya da duk abin da ke ɗauke miki hankali. Matsalarki ba ta tsarin ba ce, ta wurin da kika ajiye agogon ce. Akwai kuma wani ɓangare na tsarin da mutane ke tsallakewa: ki ajiye takarda da biro a gefe. Duk abin da ya faɗo miki a rai ana cikin ƙirgawa, ko kiran Umma ne ko tura wa wata kuɗi, ki rubuta shi a layi ɗaya ki koma kan aikinki. Idan ƙararrawa ta buga sai ki duba takardar. Shekara uku ke nan da haka nake makin takardun jarrabawar ɗalibaina.

Sadiya_MX: Ina bin wannan zance, matsalarmu ɗaya da ke 'yar'uwa.

ƊanKwari: Ni dai a kasuwa ba ta yiwuwa. Ka saita minti 25, kafin minti uku mai saye ya shigo yana son ganin shadda kala biyar, ba ka ce masa ya jira ƙararrawa ba. Amma da dare in na dawo gida zan shigar da cinikin rana a littafi, nakan saita rabin awa. Da can sai in ɗauki littafin in ajiye, in tara na kwana huɗu, lissafi ya rikice mini. Yanzu na san rabin awa ce kawai, ba ta yi mini nauyi.

InjiniyaBash: Bari in taɓo ɓangaren na'ura, don akwai abin da zai ba ki haushi nan gaba in ba ki sani ba. Yawancin waɗannan agogunan na intanet, da zarar shafin ya gama buɗewa, ƙirgawar a cikin wayarki ko kwamfutarki take gudana, ba daga can intanet ba. Ma'ana kina iya buɗe shafin, ki kashe data, agogon ya ci gaba da aiki. Wannan kaɗai ya magance rabin matsalarki, saƙo ba zai shigo ba.

Inda ake samun cikas shi ne a waya. Idan allon ya mutu ko kika koma wata manhaja, wayar takan dakatar da burauza don ta tanadi caji. Sai lokaci ya cika ƙararrawa ba ta buga ba, ko ta buga a makare. A kwamfuta ma Chrome yana rage wa shafukan da ke ɓoye a baya ƙarfin aiki. Shafukan da aka rubuta da kyau suna duba ainihin agogon na'ura su gyara lissafinsu idan ka dawo, amma ƙarar da ba ta fito a kan lokaci ba ai ta riga ta wuce. Shawarata: a kwamfuta ki buɗe agogon a tagarsa daban ki ƙanƙance ta a kusurwar allo. A waya kuwa ki rabu da shafin intanet, ki shiga manhajar agogo da ta zo da wayar, akwai sashen ƙirga lokaci a ciki, a Android da iPhone duka. Ba ya cin data, kuma yana bugawa ko allo a kulle yake.

'YarGwale: @InjiniyaBash wallahi Yaya ban taɓa sanin zai yi aiki babu data ba. Kuma abin da ka faɗa ya taɓa faruwa da ni, na ajiye wayar ina jiran ƙara, da na duba ashe lokaci ya wuce da minti goma sha wani abu. Na ɗauka shafin ne ya lalace.

TelaMaiZare: Ni tela ne, kuma amfanin da agogon ya yi mini daban ne da naku. Kafin ƙaramar Sallar da ta wuce, yarona na shago ya saita mini shi a wayarsa, na fara auna kaina. A zatona kaftani ɗaya mara aiki yana cin mini awa ɗaya da rabi daga yanka zuwa guga. Da muka auna sai ga shi ya haura awa biyu, don ban taɓa lissafa lokacin sa maɓalli da gyaran wuya da canja zare ba. Shekara da shekaru ina karɓar ɗinki a kan lissafin da ba daidai ba, daren Sallah ya same ni da kayan mutane a hannu, ina ba da haƙuri kamar maroƙi. Bana na ƙirga kwanakin da suka rage, na cire awannin da ba wuta, na rufe karɓar ɗinki tun goma ga azumi. Wasu sun ji haushi, amma babu wanda ya zo ƙofar shagona da safiyar Idi.

Minti 25 kam ya yi mini kaɗan. Ina tsakiyar haɗa hannun riga a ce in tashi? Minti 50 nake sawa, in miƙe minti 10 in taka zuwa bakin titi in dawo. Bayana ya daina riƙewa kamar da.

Abba_Kod: Na goyi bayan Malam tela kan cewa 25 ba dole ba ce. Ni aikina rubuta manhaja ne, kuma nakan yi minti goma sha biyar ko ashirin kafin kaina ya gama ɗaukar duk zaren matsalar da nake warwarewa. Idan ƙararrawa ta katse ni a minti na 25, daidai lokacin da na fara gani ne ta ruguza mini komai. Na gwada wata guda na bari. Yanzu ina amfani da agogon ne kawai don in fara. In na ji kasala sai in ce wa kaina minti goma kacal, in saita. Kusan kullum kafin ta buga na riga na nutse, sai in kashe ta in ci gaba abina.

MalaminLissafi: @Abba_Kod ban ƙi maganarka ba, amma kai ka riga ka saba da zama. 'YarGwale tana cewa awa biyu ba ta cika shafi, ita hutun nan na minti biyar shi ne ladan da ke riƙe ta a kujera. Sai ta tsaya da ƙafarta tukuna sannan ta tsawaita.

KocinUnguwa: Kowa ya tsaya kan karatu, bari in amsa ɗaya rabin tambayar. Saitin sakan 20 da sakan 10 da kika gani shi ake kira Tabata, daga sunan Izumi Tabata, wani masanin kimiyyar motsa jiki ɗan Japan. A 1996 shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya sa tsarin ya yi suna. Sakan 20 na aiki da iyakar ƙarfi, sakan 10 na hutu, sau takwas, jimilla minti huɗu. Asalinsa daga horon 'yan wasan tseren kan ƙanƙara na Japan ya fito, kuma waɗanda aka yi gwajin da su matasa ne masu ƙarfi da suka saba wasanni, a kan keken motsa jiki, na tsawon mako shida. Ƙarfin da aka sa su yi ya kai matsayin da a zagaye na bakwai ko na takwas mutum ya gama galabaita, ƙafa ba ta iya ƙara juya feda.

Abin da ya sa na kawo wannan: mutane suna ganin bidiyo a YouTube an rubuta minti huɗu sun wadatar, sai su ɗauka duk abin da suka yi a cikin minti huɗu daidai yake da gudun awa ɗaya. Ba haka ba ne. Idan ka gama kana iya hira da dariya, ba Tabata ka yi ba, ka dai motsa jiki, kuma hakan ma alheri ne. Idan kuma ka yi shi yadda yake ba ka saba ba, kana iya jawo wa kanka rauni ko jiri.

Ke mai ciwon baya, ƙanwata, kada ki fara da wannan. Ki juya lissafin: sakan 20 motsi a hankali, sakan 40 hutu. Yaran da nake horarwa a filin makarantar unguwarmu da haka nake fara musu, gudu a wuri ɗaya, tsuguno da miƙewa, tsallen igiya. Amfanin agogon a nan babba ne, domin mutum in shi zai ƙirga wa kansa, lokacin aiki sai ya ƙirga da sauri, lokacin hutu ya ja shi kamar roba. Ƙararrawa ba ta san wannan sassaucin ba.

NasHadiza: Na gode Koci da ka yi wannan gargaɗin. Ina ƙarawa da cewa duk mai hawan jini, ciwon zuciya, asma, ko mai juna biyu, ya tuntuɓi likitansa kafin ya shiga irin wannan motsa jiki mai tsanani. Kuma @'YarGwale ki koma wurin likitan da ya duba ki ki tambaye shi takamaimai wane motsi ya yarda ki yi, ciwon baya iri-iri ne, tsallen igiya zai iya taimakon wani ya ƙara wa wani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Idan kika raba 150 gida biyar, rabin awa ne a rana. Ko a tsakar gida kina iya yi. Ni bayan Asuba nake saita minti 30 in yi ta zagaye tsakar gidanmu kafin yara su tashi, ina azkar ɗina a lokaci guda.

Sadiya_MX: Anti Hadiza, idan aka rarraba fa? Kamar minti goma da safe, goma da rana, goma da yamma?

NasHadiza: Yana shiga lissafi ƙanwata. Hutun minti biyar ɗin nan na tsakanin karatu ma in kika tashi kika taka maimakon ki ɗauki waya, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

ƊanMaradi: Salamu alaikum, daga Nijar nake bin ku. Tambaya ce a gefe. Wani ya turo mini bayanin wannan Tabata da Hausa ya rubuta daƙiƙa 20, ni kuwa na ɗauka minti 20 yake nufi, don wurin malamanmu daƙiƙa minti ce. Na yi ta mamakin wane ne zai iya gudu da iyakar ƙarfinsa minti 20 har sau takwas. Sai da na karanta na Koci yanzu na gane.

MalaminLissafi: Ruɗanin nan tsoho ne Malam. A Larabci inda muka aro kalmar, daƙiƙa minti ce, amma da yawan masu rubutu da 'yan jarida a wajenmu suna amfani da ita a ma'anar sakan. Shi ya sa a aji nake cewa minti da sakan kawai, kowa ya huta.

AlhajiBabba: 'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ban raina ba. Sai dai ina so in tuna muku cewa ranarmu a yanke take tun asali. Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i. Lokacin da nake haddar Alƙur'ani babu waya babu agogo a hannun kowa a makarantarmu. An san daga Asuba zuwa hantsi karatun allo ne, an san na yamma, an san na dare a bakin wuta. Malam ba ya cewa ka yi minti kaza, yakan ce ka kawo mini wannan sumunin kafin rana ta ɗaga. Aiki ake aunawa ba lokaci ba. Tsorona da wannan agogon shi ne yaro ya zauna yana kallon lamba tana raguwa, ya tashi ya ce ya yi karatun awa biyu, alhali babu abin da ya zauna a kansa.

TelaMaiZare: Baba Alhaji gaskiya ka faɗa, amma ni sai da na auna lokacin sannan na san girman aikin. Ina ganin biyun tare suke tafiya.

Ummu_Khalil: Maganar Baba ta taɓa ni domin na gani a kan ɗana. Yana aji biyar na firamare, na saita masa minti 20 na aikin gida, sai ya koma yana leƙen wayar duk bayan layi ɗaya yana faɗa mini saura kaza. Da na gane sai na kife wayar a kan firij inda ba ya gani, na ce masa lissafi biyar ɗin nan nake so kafin ta yi ƙara. Nan take ya canja, har yakan riga ta ya zo yana murna. To kun ga na haɗa na Baba da na Malam.

Zee_Kaduna: Ni kuwa abin tayar mini da hankali yake yi. Da na ga lambobi suna sauka sai gabana ya riƙa faɗuwa kamar ina ɗakin jarrabawa, in kasa fahimtar ko layi ɗaya. Na ɗauka ni kaɗai ce.

Abba_Kod: @Zee_Kaduna ba ke kaɗai ba ce. Gwada mai ƙirgawa gaba, wanda ke farawa daga sifili yana hawa. Ba ya korar ki, yana dai nuna miki abin da kika tara. Ko ki yi yadda Ummu Khalil ta yi, ki kife allon.

JAMB_Bana: Anti Zee ni kuma wannan faɗuwar gaban ce ta sa na rungumi agogon. Bara na zauna JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, karo na farko. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, kuma agogo na nan a kan allon kwamfutar yana raguwa a gaban idonka. In ka raba, sakan 40 ne ke kan kowace tambaya. Ban taɓa gwada kaina da lokaci ba kafin ranar. Na tsaya kan wata tambayar Kimistiri ina ta lissafi, da na ɗaga kai na ga abin da ya rage sai hannuna ya fara rawa, tambayoyi da yawa na ƙarshe cankar su kawai na yi. Na san amsoshin wasunsu, lokaci ne ya ci ni.

Bana duk Asabar nakan ɗauki tambayoyin shekarun baya, in saita awa biyu cif, in ajiye agogon inda zan riƙa ganinsa da gangan. Makon farko na ji irin abin da kike faɗa. Yanzu mako na bakwai, ina kallonsa kamar agogon bango. Na kuma koyi cewa tambayar da ta wuce minti ɗaya ban ga hanyarta ba, in wuce ta in dawo daga baya. Ku sa ni a addu'a.

AlhajiBabba: Allah Ya ba ka sa'a ɗana, Ya sa ka ga sakamakon da zai faranta ran iyayenka. Wannan amfanin kam na yarda da shi, domin da abin da za a gwada ka kake gwada kanka.

NasHadiza: Amin ya Allah.

Shagon_Gabas: Koci, ina da ja kaɗan. Mu a dambe turmi ba ya da agogo a al'ada, ana yi ne har a yi kisa, wato a kai mutum ƙasa, ko a raba. Jiki ne ke faɗa maka lokacin da ka gaji. Ba ka ganin dogaro da ƙararrawa zai sa mutum ya daina sauraron jikinsa?

KocinUnguwa: Tambaya mai kyau. Amma dubi damben Turawa na ƙwararru: turmi minti uku, hutu minti ɗaya, kuma da wannan ƙararrawar suke atisaye tun a gida don jiki ya san yadda zai raba ƙarfinsa. Ƙwallon ƙafa ma minti 45 ne sau biyu. Wanda zai yi wasa mai agogo dole ya saba da agogo. Inda na yarda da kai shi ne, idan ƙirji ya ɗaure, ko ka ji jiri, ko wani ciwo mai suka, a tsaya nan take ko saura sakan uku. Na taɓa ganin yaro ya ƙi tsayawa a zafin watan Afrilu don yana son ya kai ƙararrawa, sai da muka kwantar da shi a inuwa muna yi masa fifita. Tun ranar na mayar da atisayenmu bayan Asuba, kuma duk wanda bai zo da ruwa ba ba ya shiga layi.

ƊanKwari: Mun yi nisa da tambayar baiwar Allah. Ita fa cewa ta yi yana ɗorewa ko ba ya ɗorewa.

Maman_Biyu: To bari in amsa kai tsaye: a wurina bai ɗore ba. Na yi mako uku ina yi, har da wata manhaja mai suna Forest, wadda in ka saita lokaci sai bishiya ta fara tsiro a allo, in ka fita daga manhajar kafin lokaci ya cika ta bushe. Na ji daɗinta da farko. Amma mai goyo ba ta da minti 25 nata na kanta. Yarinya ta yi kuka, a buga ƙofa, wuta ta dawo a ruga a jona kaya. Kullum bishiyata a bushe, har na fara jin kamar ni ce na gaza. Na cire ta. Yanzu karatuna na kwas ɗin da nake yi sai bayan Isha'i in sun yi barci, ba agogo, sai inda ƙarfina ya ƙare.

MalaminLissafi: Hajiya ba gazawa ba ce. Tsarin an gina shi ne a kan mutumin da ke da ikon rufe ƙofa, ke kuwa ƙofarki ba ta rufuwa. A wurina ya ɗore ne saboda abu ɗaya: ban taɓa yin fiye da zagaye huɗu a zama ɗaya ba. Waɗanda na ga sun watsar, yawanci sun fara ne da zagaye goma ko sha biyu a rana, mako guda suka ƙone.

InjiniyaBash: Ƙarin bayani ga mai son abu mafi sauƙi: ko a Google ka nemi agogon ƙirga lokaci yana fito maka da nasa a saman shafi, ba sai ka sauke komai ba. Ku yi hattara da shafukan da talla ta cika su, ko masu neman izinin turo muku sanarwa. Agogo ba ya buƙatar lambar wayarka ko imel ɗinka. Masu aikin kwamfuta kuma, likitocin ido suna ba da shawarar duk minti 20 a ɗauke ido daga allo a kalli abu mai nisan kamar mita shida na sakan 20. Ni a hutun nan nake haɗa shi, in tsaya bakin taga in kalli bishiyar darbejiyar da ke ƙofar maƙwabcinmu.

'YarGwale: Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana shida in ba ku labari. Na haɗa shawarwarinku. Wayata nakan kai ta ɗakin Umma in bar ta can kan caji. Agogon a kwamfuta nake buɗe shi in kashe data kamar yadda Yaya Bash ya ce. Kafin in danna, sai in rubuta a takarda abin da nake so in gama, misali taƙaita maƙala ɗaya, wannan daga maganar Baba Alhaji na ɗauka. Zagaye huɗu ke shiga tsakanin La'asar da Magariba ba tare da na takura ba. Babi na biyu saura kaɗan. Rana ɗaya na faɗi, ranar da na ce bari in duba ma'anar wata kalma na kunna data, ban dawo ba sai da aka kira salla.

Na koma wurin likita, ya hana ni tsalle, ya nuna mini miƙe-miƙe guda uku, kowanne in riƙe sakan 30, ya ce in riƙa tafiya. A nan agogon waya nake amfani da shi. Abin da ban warware ba shi ne hutun minti biyar. In na tashi na shiga kicin ko na tsaya magana da ƙannena sai ya zama ashirin.

Ummu_Khalil: Ma sha Allah, Allah Ya ƙarasa miki lafiya. Hutun ma ki saita masa ƙararrawa, kuma ki ƙara sautin yadda za ki ji daga kicin.

Abba_Kod: Ni na fi ganin kada ki bar ɗakin gaba ɗaya a ƙaramin hutu. Ki miƙe, ki yi miƙe-miƙen likitan nan uku, ki huta har minti biyar su cika. Kicin da hira ki bar wa dogon hutu.

Maman_Biyu: Ƙannen naki in sun ga kin fito ai ba za su bar ki ba. Ki faɗa musu tun farko cewa sai an kira Magariba kike tasu.

Zee_Kaduna: Na gwada mai ƙirgawa gaba jiya, na yi minti 38 ban ɗaga kai ba, gabana bai faɗi ba. Amma ina da jarrabawar ɗaukar aiki ta kwamfuta wata mai zuwa, kuma na san mai raguwa zan tarar a can. @JAMB_Bana ƙanena, a makon farko da awa biyun ka fara kai tsaye, ko da kaɗan-kaɗan ka hau?